Laccar da Dakta Tekna Ta Yi Mana a Arlit

Talata: Damagaram zuwa Agadas

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba maigidana ya sauke ni a tashar kar, wato manyan motocin safa, ta Damagaram. Da na ɗauki jakata ya ce, "Rabi, mutane na gudowa daga arewa, ke kuma can kika nufa. Allah ya tsare."

Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban jami'a. A lokacin tawayen Abzinawa na biyu ya yi zafi, amma mun riga mun yi alkawarin kai laccocinmu kan shugabanci da aikin gwamnati da siyasa ko'ina 'yan ƙungiya suke, kuma layi ya zo kan Arlit. Mai jawabin shi ne Onorabul Lawali, tsohon depite a majalisar dokoki, mutumin da in ya riƙe makirfo ba ka so ya ajiye. Kujerarsa a motar na kusa da tawa.

Mun karya da shayi da burodi a Tanut wajen ƙarfe takwas. Daga nan itatuwa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya har suka bar mu da sarari. A bariyar Adarbisinat jandarmomi suka sauke mu duka, kowa da katinsa a hannu. Kilomita wajen ɗari huɗu da hamsin, sai bayan la'asar muka hango doguwar hasumiyar masallacin Agadas. Wata 'yar ƙungiya ta sauke mu gidanta, ta cika mu da shinkafa da cuku.

Laraba: ayarin sojoji

Ba a bin hanyar Arlit a lokacin sai cikin ayari, sojoji gaba, sojoji baya. Ƙarfe shida muka isa bakin gari inda motoci ke taruwa. Nan muka ji ana cewa wata babbar mota ta taka nakiya a makon da ya wuce. Onorabul ya koma gefe ya daɗe yana waya, sannan ya dawo yana share goshi.

"Madam Rabi, an kira ni Yamai da gaggawa. Ga takardun jawabin, ki ba wani ya karanta."

Na karɓi takardun na shiga mota.

Direbanmu, wani dattijo Ba'abzine mai rawani shuɗi, ya juyo ya ce mana, "Wanda zai yi fitsari ya yi yanzu. In mun tashi, ba mai taka ƙasa sai kan gudron, kwaltar nan. Ni sawun na gabana nake bi, ku kuma ku bi ni da addu'a."

Ƙarfe takwas da kwata aka ɗaga. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. A dama duwatsun Abzin baƙi ƙirin, a hagu fili shimfiɗe har inda ido ya gaza, ga turakun lantarki da suka taso daga ma'adinin gawayi na Anu Araren suna rakiyarmu a jere kamar raƙuman azalai masu fataucin gishiri. Motoci sun fi talatin, amma cikin tamu ba ka jin komai sai ƙarar casbi. Kilomita ɗari biyu da arba'in suka cinye mana awa bakwai.

Dab da gari na hango wasu tsaunuka masu shafaffen kai, na tambayi direba sunansu. Ya yi dariya. "Hajiya, waɗannan ba na Allah ba ne kai tsaye. Ƙasar da aka tono ce daga ramin uraniyom." Na riƙe baki. Ashe ɗan Adam na iya tara dutse da hannunsa.

Injiniya Abdu, shugaban reshenmu na Arlit, ya tarbe ni. Da ya ji Onorabul ya juya, sai ya zauna a kan jakata. "An gayyaci perefe mai mulkin gundumar, an gayyaci sojoji, ma'aikatan ma'adini sun nemi hutun rabin yini. Wa zai tsaya gabansu?" Can ya ce, "Tekna tana gari. Ta shigo ɗaukar allurar rigakafi."

Na tuna ta. Shekara ɗaya muka shiga jami'a, ita tana fannin likita. Siririya ce marar magana, muna yi mata dariya don takan ce "ya zo" ko da mace take nufi. Yanzu ita ce likitar makiyayan karkarar Dannet.

Alhamis: ranar lacca

Da hantsi Injiniya ya zaga da ni. Na ga motocin haƙa waɗanda tayarsu ta fi ɗakina tsawo, na ga baƙin da sabon neman uraniyom ya kwaso daga ƙasashen da ban san sunansu ba, na ga kasuwa cike da makaroni da dabinon Aljeriya da ke shigowa ta Assamakka, Katsinawa da Sakkwatawa na ciniki kamar ba abin da ke faruwa. A bayan gari kuma ga unguwannin bukkokin kwano da kwali, mata na layin ruwa.

Mun sami Tekna a asibiti tana jera kwalabe cikin akwatin sanyi. Ta yi baƙi, ta ƙara ramewa. Na miƙa mata takardun Onorabul na roƙe ta ta karanta a taron, ta duba shafi biyu ta mayar mini.

"Rabi, wannan Faransanci ya fi ƙarfina. In kuna so in faɗi abin da nake yi, zan faɗa."

Ƙarfe huɗu zauren ya cika har tagogi. A layin gaba ga wakilin perefe da wani kaftin na soja, a baya ga leburori da masu lambu da mata lulluɓe, waɗanda kowa ya san wasunsu 'ya'yansu na kan dutse tare da 'yan tawaye. Tekna ta ƙi hawa dandamali, ta tsaya a ƙasa, ta yi magana da Hausarta.

Ta ce tun da aka fara dasa nakiya mota ta daina shiga daji, sai ta koma raƙumi. Tana naɗe akwatin allura da jiƙaƙƙen bargo, ta bi rijiya rijiya, don inda ruwa yake nan yara suke. Ta ce akwai wata rijiya da ta yi wa alkawarin zuwa ranar goma ga wata, zazzaɓi ya kwantar da ita, ta iso ranar sha uku. Ta tarar da mata ashirin da 'yan kai zaune da jariransu, sun hana dabbobinsu tashi kwana uku.

"Wata tsohuwa ya ce mini, mun san gwamnati za ta zo, tunda ta ce za ta zo. Na waiga in ga gwamnatin. Ba kowa sai ni da raƙumi." Wannan karon ba wanda ya yi dariyar Hausarta. "Tun ranar nake jin tsoron yin alkawari. Wannan shi ne abin da na sani game da shugabanci."

Shekara ashirin ina aikin duba makarantu, ban taɓa ɗaukar kaina gwamnati ba.

Da aka buɗe tambayoyi, kaftin ya miƙe. Cikin ladabi ya ce, "Dakta, a dajin nan akwai masu harbin yarana. Kina yi musu magani?"

Lokacin dokar ta-ɓaci ne, an tsare mutane kan abin da bai kai wannan ba. Injiniya ya yunƙura zai rufe taro, Tekna ta ɗaga masa hannu.

"Kaftin, an taɓa kawo mini mutum biyu da raunin harsashi. Na ɗinke su. Ban tambaye su ba, su ma ba su faɗa ba. In aka sake kawowa, zan sake."

"Kin san dole in rubuta wannan."

"Rubuta. Aikinka ne."

Juma'a: ƙofar ofishin tsaro

Ƙarfe bakwai ayarin komawa Agadas zai tashi, wani kuma sai bayan kwana huɗu. Ina tasha, jakata har an ɗaure ta a saman mota, Injiniya ya iso a guje: an kira Tekna ofishin jami'an tsaro. Na tsaya ina kallon motar. Na tuna maigida, na tuna 'ya'yana, na kuma tuna ni ce na je har asibiti na fito da matar nan gaban jama'a. Na ce a sauke mini jakata.

Mu goma sha ɗaya ne 'yan ƙungiya a garin, dukanmu muka je muka zauna a inuwar katangar ofishin. Ba mu ɗaga murya ba. Kafin azahar masu lambu sun zo da tabarmi, wasu mata sun kawo tulun ruwa, wani dattijo ya hura gawayi ya ɗora shayi, har ya miƙa wa sojan da ke gadi kofi, shi kuma ya karɓa. Maza suka tafi masallacin Juma'a suka dawo wurinsu.

Ƙarfe uku da rabi ta fito, kaftin na biye da ita har ƙofa. Ya dube mu, ya dube ta, ya ce, "An ji bayaninta. Ta tafi aikinta." Mata suka rangaɗa guɗa. Na rungume ta ina kuka, ita kuwa agogona take leƙe.

"Rabi, ƙanƙarar akwatina ta narke. Wa ke da firijin da ke aiki? Jibi ake jirana."

Asabar da sassafe na raka ta bayan gari inda raƙuminta yake. Ta ɗaure akwatin, ta hau, ta nufi yamma. Na tsaya har ta zama ɗigo a cikin sararin nan.

Komawa gida

Talata ayari ya tashi ƙarfe bakwai, muka shiga Agadas da la'asar lafiya lau. Washegari na kama kar ta asuba, na iso Damagaram ana kiran magariba, yara suka fito da gudu suka karɓe ledar dabino.

A taron ƙungiya na gaba aka nemi in kawo rubutaccen jawabin Arlit don a ajiye. Na ce babu shi a takarda, sai dai in ba su labari, shi ne wannan.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Injiniya Abdu da iyalinsa da suka riƙe ni kwana shida, da direban da ban tambayi sunansa ba. Dakta Tekna kuwa, wanda duk ya bi ta rijiyoyin Dannet ya gaishe mini da ita.