Gayyar da Aka Yi a Gonar Nomau

Damina arba'in ke nan tun da aka binne taubashina Nomau, wanda masu addininsa suke kira Ishaya, a wani ƙauye kudu da Wudil. Ni Musulmi ne, da allo da tawada na tashi, wannan rubutun ma da ajami na yi shi kafin a mayar da shi boko. Shi kuwa Kirista ya mutu. Ba mu taɓa yarda da juna a kan addini ba. Na ɗauki alƙalami ne domin akwai abin da aka yi masa wanda har yau bai bar raina ba, kuma zuriyar da ta ci moriyar abin tana nan.

Mahaifiyata ƙanwar ubansa ce. Gidansu Maguzawa ne, manoma na gaske. Ita aure ya kawo ta cikin gari, ta musulunta. Saboda haka ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, kuma tun muna yara ba ya kirana da wani suna sai "bawana". Ubansa ya rasu ya bar masa gona a bakin fadama, ƙasa baƙa mai riƙe ruwa, wadda dawa ke tashi a cikinta har ta rufe mai doki. Amma ƙasar gidan gaba ɗaya a hannun babban gida take, wato Jatau, Sarkin Noma, baffan Nomau, ni kuma kawuna. Dokar gidan ita ce, gonar da ciyawa ta cinye damina biyu a jere, babba zai karɓe ta ya ba wanda zai iya.

Gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, da ma ba wanda yake noma irinta shi kaɗai. Da gayya ake yi. Yaran yanzu ba su san ta ba. Mai gona zai sa rana, maza su fito da galma, makaɗi yana binsu da ganga, su jeru kowa da kunyarsa, kafin rana ta yi tsaka an share abin da zai ci wa mutum ɗaya makonni. Wanda ka je wa, dole ya zo maka. A ƙauyen su Nomau kuwa, gayya ba ta cika sai da giya. Tun kafin ranar ake jiƙa dawa ta yi tsiro, mata su dafa, a jera tuluna a inuwa.

A zamanin dalar gyaɗa, lokacin da ake ta maganar Bature zai tafi, gyambo ya kama Nomau a ƙafa. Aka kai shi asibitin mishan, ya daɗe a can, ya dawo da ƙafa lafiya da sabon suna. Da farko dariya kawai aka yi masa. Ba wanda ya damu da waƙoƙin da yake yi da matarsa Larai ranar Lahadi. Sai da ruwa ya zauna, lokacin noman firi, wato noman farko, ya zo, sannan aka san abin ba na dariya ba ne.

Ina zaune a zauren Kawu Jatau ran da Nomau ya zo sa ranar gayyarsa. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba. Kawu ya ce, "Tulu nawa Larai za ta dafa?"

Nomau ya ce, "Baffa, za a yi tuwo, za a dama fura, zan yanka akuya. Giya ce dai ba zan yi ba."

Kawu ya ce, "Akuya? Suna za ka yi ko gayya? Ubanka da ya mutu ya fi ka sanin Allah, kuma ya dafa giya."

"Baffa, na yi alkawari. Abin da ya fito daga gonata ba zan mayar da shi abin da zai kwantar da mutum a kwata ba. An ce mana duk abin da hannunmu ya kama, mu yi shi yadda za a ɗaukaka Allah."

Kawu ya tofar da yawu ya ce, "To, Allahn naka ya zo maka da galma."

Ranar gayyar na tafi tun da hantsi. Larai ta tuƙa tuwo a manyan tukwane, irin waɗanda ake ginawa a nan Wudil, ga nama, ga ƙoren fura a rufe da faifai. Ba kowa. Can sai muka ji ganga. Nomau ya miƙe ya gyara ɗamararsa. Suka taho a jere, galma a kafaɗa, suka bi ta kan iyakar gonar, makaɗi yana yi masa zambo, yana kiransa angon Bature mai gayyar kunu. Suka wuce zuwa wata gona. Da gangan suka biyo ta nan, domin ba hanyarsu ba ce. Har yau ina ganin Larai tsaye da muciya a hannu.

Nomau ya juyo ya dube ni ya ce, "Bawana, ga galma. Yau dai za ka yi wa ubangijinka aiki."

Na ce, "Kai da ba ka iya tara mutum uku ba, wane ne bawanka?"

Muka yi abin da za mu iya. Hannun da ya saba da alƙalami ba ya jimawa a kan galma. Tuwon nan har ya yi tsami ana rabawa.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce fushin dangi ne, yana zuwa yana wucewa. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne halin Nomau. Duk gidan da aka kira gayya, shi ne farkon zuwa. Zai kama kunyarsa ya kai ƙarshe, in an zauna shan giya ya saɓa galma ya koma gonarsa. Mutum zai ce ai wannan alheri ne. Su ba haka suka ɗauka ba. Wanda ya yi maka gayya ya ɗora maka nauyi, ga shi Sarkin Noma ya hana a sauke. Kowace kunya da ya nome musu, sai su ji kamar ya tsaya a kasuwa yana faɗin sunansu. Barau, babban ɗan Kawu Jatau, ya taɓa tare shi a bakin gona ya buge shi da ƙotar fartanya a kafaɗa, ya ce wa ya kira shi. Nomau ya ce ganga ce ta kira shi, ganga kuwa ba ta ware kowa. Ya wuce ya kama aiki.

Kada mutanen gari su karanta wannan su ce halin Maguzawa ne. Na je wurin manyanmu a nan Wudil, masu rawani da tasbaha, na ce ga mutum ana zaluntarsa don ya ƙi giya, abin da mu ma muka haramta. Na roƙi a ba ni matasa su yi masa wuni ɗaya. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, da ya bar tsafi ya zo wurinmu, da gobe ka ga gayya. Tun da ya zaɓi na Nasara, su nome masa." Aka yi dariya, aka ci gaba da cin goro. Na san abin da aka karantar da ni game da haƙƙin maƙwabci, ban kuma ga inda aka ce sai ka tambayi alƙiblarsa ba. Masu tulu da masu tasbaha, a kan Nomau bakinsu ya zo ɗaya.

Shi da Larai suka yi ta fama. Su nome gabas, yamma ta rufe. A damina ta biyu harkiya ta fi dawa tsawo a rabin gonar. Da kaka ta yi, Kawu Jatau ya tara gida ya ce doka doka ce, ya karɓe gonar ya ba Barau. Wannan ita ce dabarar tun farko. Su suka hana a nome ta, su suka zo suka ce ba a nome ta ba. Na ce wa Nomau ya tashi mu je gaban alƙali, ni zan tsaya masa shaida. Ya ce ba zai ja baffansa gaban shari'a ba. Na zage shi zagin da ba na taubasantaka ba. Har gobe ina ganin ya kamata ya je.

Da ruwa ya sake zama, Barau ya kira gayya a gonar. Aka dafa giya fiye da ta kowace shekara. Na je ƙauyen don in zauna da Nomau, kada ya ji gangar shi kaɗai. Na tarar da shi yana wasa galma a kan dutse.

Na ce, "Ina za ka?"

Ya ce, "Gayya."

Na ce, "Nomau, ka haukace? Gonar ubanka ce fa. Ka je ka nome wa ɓarawo abin da ya sace?"

Ya ce, "Bawana, ba Barau nake yi wa ba. In na je wa kowa na ƙi zuwa wannan, ashe da ma don a biya ni nake zuwa. Kuma akwai wuri can ƙasa da ruwa yake kwanciya, in ba a ɗaga kunya ba shukar ruɓewa take yi."

Na bi shi a baya, ina tafe ina masifa. Da ya shiga gonar, makaɗi ya ɗaga hannu daga ganga. Ba wanda ya ce masa ya daina kiɗan. Nomau ya gaishe da Kawu Jatau, ya gaishe da Barau, ya gangara ƙasa ya sunkuya. Aka yi noman nan ba kiɗa, ba kirari, sai ƙarar galma. Da aka kai ƙarshe Nomau ya goge gumi, ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya ba da albarka." Ya tafi. Na ga tulunan da idona da la'asar, yawancinsu ba a buɗe ba. Barau bai ƙara kiran gayya a wannan gona ba har ya mutu. Shi da 'ya'yansa suka riƙa nomanta. Amma bai mayar ba.

Nomau ya koma ƙwadago da wani ɗan fili a kan tudu mai tsakuwa. Bai ƙara damina da yawa ba zazzaɓi ya ɗauke shi, tun Bature bai tafi ba. Ya bar Larai da 'ya ɗaya, Saratu.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Gayya ta mutu, sai tarakta da 'yan ƙwadago. Ƙauyen da aka yi masa zambo yanzu akwai majami'a mai rufin kwano, da lasifika da take gasa da tamu ta masallaci. Kowa yana ɗaukaka Allah da iyakar muryarsa. Ina jin da zai saurara, ya yi murmushi, sannan ya tambaya gonar wa ciyawa ta ci bana, wa kuma ya je.

Kwanan baya wani jikan Barau, wanda yanzu dattijo ne a majami'ar, ya zo har zaurena da ladabi. Ya ce za su yi taron tunawa da Baba Ishaya, mai bi na farko a ƙauyensu, suna so in zo in ba da tarihinsa. Na tambaye shi wa yake noma gonar bakin fadama. Ya ce su ne. Na ce da wane suna ake kiranta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gonar Nomau." Na ce ya gaishe da mutanen gida.

Ba zan je taron ba. Tarihin da suke so ga shi na bayar. Makomar Nomau tana hannun Wanda ya halicce shi, ba ni da ta cewa a nan. Abin da na shaida shi ne mutum ya ce zai girmama Ubangijinsa da galma, aka ƙwace masa inda zai sa galmar, bai fasa ba. Bai bar gida ba, bai bar rumbu ba. Ya bar suna a kan ƙasar da ba ta hannun jininsa, har masu riƙe da ita ba su iya kiranta da wani suna. Saratu tana nan da ranta a Sabon Gari, ta tsufa, 'ya'yanta suna noman haya. In da gaske ake so a tuna da ubanta, ba sai an yi hayar rumfa da kujeru ba. Kowa ya san hanyar gidanta, kuma ba a yi shuka ba tukuna.