Ita Ce Fari, Ita Ce Auta

Ban yafe wa kunyar ɗan fari ba, kuma ba zan yafe ba.

'Ya ɗaya Allah Ya ba ni. Da aka yaye ta, yayar mijina ta zo daga Gwiwa ta goya ta suka tafi, kamar yadda ake yi. Ba ni da ikon faɗin sunanta, balle in tambayi lafiyarta. "Waccan" nake cewa. Al'adar nan ta mai 'ya'ya goma ce, ta kau da kai daga ɗaya ta rungumi tara. Ni kuwa shekara bakwai ko ɓari ban ƙara yi ba.

Zamanin da kuɗin mai ya kawo rediyo kowane zaure, na shiga ajin yaƙi da jahilci a Roni. Ranar koyon lambobi Malama ta ja sanda a allo ta ce, "Wannan ɗaya ce, ita ce ƙarama."

Na ce, "A gidanki dai, Malama. A gidana ita ce duka."

Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba.

A satin nan wata mai daddawa daga Gwiwa ta shigo gaida surukata. Ina tankaɗe na ji tana cewa baƙon dauro ya kama 'yar tawa, kwana huɗu idonta a rufe, jiƙo kawai ake ɗura mata. Surukata ta dube ni, tana jira in tashi in ba su wuri. Na ajiye rariya.

"Tana shan ruwa?" na ce.

"La'ilaha! A gabana? Ke 'yar nan, ina kunyarki?"

"Inna, in ta mutu, a kan wa zan yi kunyar?"

Da la'asar mijina ya dawo daga gonar gyaɗa, an riga an kai masa ƙarata. Ya ce, "Yaya ta raini takwas, ke za ki koya mata?"

"Ta binne uku," na ce. "Malam, asibitin Kazaure zan kai ta."

"In kika taka gidan Yaya, bakin duniya ba zai bar mu ba."

"Bakin duniya bai yi mini naƙuda ba."

Ya fita, ko tuwo bai taɓa ba.

Da gari ya waye na ɗauki majanyi na hau motar kasuwa. A ƙofar gidan yayar mijina na yi sallama sau ɗaya, sannan na ɗaga murya na kira 'yata da sunanta.