Itatuwan da Ergash-aka Ya Shuka wa Ɗansa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Ergashali Sotvoldiyev, wanda duk ƙauyenmu na Akarik ke kira Ergash-aka, wato Yaya Ergash. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar ciwon zuciya. Ya bar matarsa Salomat, wadda muke kira Salomat-opa don girmamawa, da 'ya'ya mata uku da ke ɗakunan mazajensu, da ɗa namiji guda, Elyor, wanda ke aikin gini a Rasha. A ranar muka sallace shi muka kai shi makwancinsa, Elyor bai iso ba.

Ergash-aka, ka san ni kafinta ne, hannuna ya fi sabawa da zarto a kan alƙalami. Amma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naka fiye da shekara arba'in, kuma na ga abubuwan da bai kamata su tafi tare da mu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko da rubutun ya karkace.

Rabin rayuwarka a kan sitiyari ka yi shi, kana jan tsohuwar bas ɗin nan ruwan ɗorawa daga Akarik zuwa birnin Kokan. Babu wanda ya taɓa cewa kana da sauri. Ba ka tashi sai tsohuwa Oynisa ta iso da tukwanen kindirmonta, tana tafe tana hutawa. In fasinjoji suka fara ƙorafi cewa za su makara wurin aiki, sai ka ce, "Aikinku ba ya tsami, kindirmonta yana yi. Ku yi haƙuri." Ni kaina na sha zaginka a zuci a kan wannan jira. Wata rana kuma ka taka birki a tsakiyar titi, mota cike maƙil, har wani ya faɗa kan buhun albasa. Muka zaci mutum ka kusa bugewa. Ashe gutsuren gurasa ka hango a kan kwalta. Ka sauka ka ɗauka, ka sumbata ka kai goshi, ka ɗora a kan katanga don tsuntsaye, sannan ka dawo ka tada mota ba ka kalli kowa ba. Ɗalibai nawa ka kai makaranta kana kau da kai in sun miƙo kuɗi, Allah kaɗai Ya san adadinsu. Wasunsu da furfura suka zo jana'izarka.

In ka ajiye mota, sai salwa. A ƙarƙashin rumfar inabin gidanka ƙorai ne rataye a jere, kowace da salwarta a ciki, ka lulluɓe su da ƙyalle. Da asuba su suke tashina, ba ladan ba. Wadda ka fi so kuwa a hannun rigarka take yini. Ranar da dangin miji suka zo neman auren babbar 'yarka Mohira, dattawa sun ɗaga hannu ana addu'a, ɗaki ya yi tsit, sai ga kukan salwa daga cikin hannun rigarka. Salomat-opa ta yi kwana uku ba ta yi maka magana ba. Kai kuwa cewa kake yi, "To ai amin ta ce, laifin me ta yi?" Yanzu ƙoran suna nan rataye babu kowa a ciki. Uwar gidan ta rabar da tsuntsayen, ta ce ba za ta iya jin kukansu ba.

Sai dai abin da ya fi zama a raina shi ne itatuwan terak, dogayen itatuwan nan masu miƙewa samɓal. Kowa a kwarinmu ya san in aka haifi ɗa namiji, uba kan kafa terak a bakin ruwa, yaro na girma itace na girma, ranar da ya isa aure an sami azarar rufin gidansa. Bayan 'ya'ya mata uku Allah Ya ba ka Elyor, kuma tun kafin a yi suna ka kafa sahu biyu a bakin magudanar da ta bi ta bayan gidajenmu. Na ce maka sun yi yawa, gida ɗaya za a gina ba masallacin Juma'a ba. Ka kira ni da laƙabin da ake yi wa mai sana'a irina, ka ce, "Usta, kai dai ka riƙa wasa zartonka." Shekarar da ruwan magudana ya ƙafe, a jarka kake ɗebo musu ruwa a bayan bas daga wani ƙauye. Inuwarsu ta hana karas ɗina yin kirki, mun yi ta faɗa a kan haka, kuma har gobe ni ke da gaskiya.

Da Elyor ya haura ashirin, itatuwan sun isa sara, miƙaƙƙu, ba kwana ko ɗaya. Ni da kaina na rungume su na auna. Sai yaron ya ce zai je Rasha aikin wata shida, ya samo na siminti da kwanon rufi, ya dawo a yi gayya. Wata shidan nan shi ne ya zama shekara goma sha huɗu. Ya yi aure a can, ya haihu, takardun zama suka ɗaure masa ƙafa, in ya fito ba shi da tabbacin za a bar shi ya koma. Ba ɗan banza ba ne, ba ya fashin aike, ba ya fashin waya. Amma kullum maganar ɗaya ce: baɗi. Yana can yana rufa wa wasu gidaje, filin nasa gidan yana nan sai ciyawa.

Terak ba ya jiran mutum. In ya wuce lokacinsa daga ciki yake fara mutuwa, waje yana kore shar. Na ƙwanƙwasa su da ƙotar guduma na ji sautin ya sauya, na same ka na ce, "Ergash-aka, a sare su yanzu. In fere su in jera a rumfata, ko shekara ashirin za su yi ba abin da zai same su."

Ka ce, "Dadana, mahaifina, gatari ya miƙa mini, ni na yi saran farko a nawa itatuwan. Shi ma a hannunsa zan sa."

Na ce, "In ya zo ya tarar da ruɓa fa?"

Ka ce, "Usta, ranar da na sare su ba ya nan, ranar na yarda ba zai dawo ba. Ka bar ni."

Ban bar ka ba. Duk kaka sai na tada maganar, duk kaka sai ka sauya zance. Har aka yi iskar nan da ta kayar da guda ɗaya a kan akurkin kajina. Muka tsaya ni da kai muna kallon cikinsa, ja kamar garin barkono, tururuwa na fita. Ka biya ni kajina, ka yanyanka itacen da hannunka kafin Salomat-opa ta dawo daga unguwa, ka roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Da yammar nan ta katanga na ji ka a waya kana cewa, "Itatuwanka lafiya lau, ɗana, sai tsawo suke yi. Kai kaɗai suke jira." Na ji haushinka ranar, kuma na ji tausayinka fiye da haushin.

Sati guda kafin rasuwarka na shigo duba ka. Numfashi yana yi maka wuya, amma fuskarka a sake. Ka ce Elyor ya yi alkawarin zuwa ƙarshen shekara, wannan karon da gaske, har ya fara neman tikiti. Ka sa aka ɗauko gatarin mahaifinka daga ɗakin ajiya, ka ce in wasa shi, in sake masa ƙota in ta lalace. Na wasa shi har yana aske gashin hannu. Ban samu na mayar maka da shi ba.

Elyor ya iso kwana biyu bayan binne ka. Aka sa masa doguwar rigarka ta sanyi, aka ɗaura masa ɗamara, ya tsaya a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Yaron da na sani ya tafi, wani magidanci ne ya dawo, da furfura a haɓa da tari irin na masu aikin siminti. Bayan sadakar bakwai ya shigo shagona, ya kira ni Amaki, wato baffa, ya ce, "Amaki, an ce gatarin Dada yana wurinku."

Na so in faɗa masa halin da itatuwan ke ciki, amma sai kawai na miƙa masa gatarin. Aka kira gayya, mazan unguwa suka taru da igiyoyi da zarto. Elyor ya yi bismillah ya ɗaga gatari ya kai sara. Gatarin ya nutse har wuya ba tare da wani ƙara ba. Da itacen ya faɗi, sai ya fashe gida biyu. Aka sare na biyu, aka sare na uku, duk haka. Mutane suka daina raha, aka ci gaba da aiki shiru har la'asar. A sahu biyun nan kakaf, guda biyu kawai na samu masu lafiyayyen ciki.

Ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce, "Amaki, Dada ya sani?"

Na ce, "Ya sani."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka haifi 'yarka ta biyu."

Ya ce, "Amma kullum ce mini yake lafiyarsu lau." Sai ya zauna a kan kututture ya rufe fuska da hannun rigarka yana kuka. Babu wanda ya ce masa ya yi shiru.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Ba a sayi itacen girki ba. Da ragowar terak ɗin aka hura wutar manyan tukwanen shinkafar osh, aka ciyar da ƙauye guda. Ni na tsaya a bakin murhu ina turawa, don ba na so wani ya yi. Itatuwan da ka shayar shekara talatin da shida don rufin ɗakin ɗanka, kafin azahar sun zama toka. Salomat-opa ta leƙo ta ga abin da ake turawa a wuta, ta koma ciki, kuma an ce ba ta taɓa abincin ba.

Yau da safe Elyor ya koma, 'ya'yansa suna makaranta a can kuma aiki ba ya jira. Ya bar mini gungumen nan biyu, ya ce in adana masa, da bazara zai dawo ya fara gini. Na ce Allah Ya kawo shi. Na fere su, na ɗora su a kan duwatsu a ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba zai taɓa su ba. Azara biyu ba ta rufa ko ɗakin girki, shi ma magini ne, ya sani. Amma zan riƙa juya su, muddin ina da rai.

Ergash-aka, ka jira iyakar jiranka. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Duk wanda ka jira a bakin hanya, duk wanda ka kai kyauta, Allah Ya sa ka tarar da ladansu a mizaninka. Ya ba ka gida a Aljanna wanda ba ruɓa a azararsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Salomat-opa, da Mohira da ƙannenta, da surukai da jikoki, da dukkan mutanen Akarik. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Elyor kuma, Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya buɗe masa hanyar gida tun mahaifiyarsa tana da rai. Mu da muka rage, in tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Nabijon Usta, Akarik