Takardar da Na Sa wa Hannu a Taipei

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da 'yata ta fari. Tun yammacin Litinin na rufe teburin tallata na titin Fordham Road a New York, na bar wa maƙwabcina ɗan Ghana ajiyar huluna da safar hannu. Da ya ji inda za ni sai ya ce, "Alhaji, Taiwan? Kai da ko Staten Island da ke nan kusa sai an ja ka?" Gaskiyarsa. Shekara ashirin da biyu ina New York, ban taɓa hawa jirgin sama ba sai in gida za ni.

Ga abin da ya kai ni. 'Yata tana karatun haɗa fim. Ta ɗauki ajinmu na manya, inda nake koyon karatu da rubutu shekara huɗu ke nan, ta yi ɗan gajeren fim. Wani ƙaramin bikin finafinai a Taipei, babban birnin Taiwan, ya zaɓe shi, suka ce a zo da mutumin da ke ciki. Damuwata ita ce abin da na faɗa. Ranar da ta tambaye ni me ya zaunar da ni koyon abacada da furfura a gemu, na manta akwai kyamara. Na ce mata ina ɗan shekara goma sha tara wasu masu kaki suka kama yayana, don ya yi magana a teburin mai shayi a kan hatsin agaji da ya ɓace. Suka kira ni, suka ajiye takarda, suka ce ta beli ce. Na dangwala yatsa. Ashe shaida ce a kansa. Ya yi shekara uku a tsare. Kafin ranar ban taɓa faɗa wa kowa ba, har shi kansa. Yanzu ga shi za a haska maganar a gaban baƙi, daga nan ta hau intanet ta isa gida. Da wannan nauyin na hau jirgi.

Mun sauya jirgi sau ɗaya, muka yi kusan kwana guda a sama. Lokutan salla suka rikice mini, rana ta ƙi faɗuwa, sai na bi agogon hannuna na roƙi Allah Ya karɓa.

Muna sauka na koma jahili. Shekara huɗu ina fama da haruffa ashirin da shida, ga ni a ƙasar da kowane allo yake cike da zane kamar an zuba tsintsiya a ƙasa. Na tsaya gaban wata ƙofa ban san ta shiga ce ko ta fita ba, irin tsayuwar da na yi shekaru ina yi a unguwarmu ta Bronx. Sai na hango ƙananan baƙaƙen Turanci a ƙarƙashi. Na karanta a hankali, na wuce. 'Yata ta ga na yi, ta yi murmushi.

Jirgin ƙasansu na cikin gari tsaf yake, kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba in tafiyar gajeriya ce. Ba a ci ba a sha a ciki, ko ruwa. Na ciro goro zan ɓara, wata tsohuwa ta girgiza mini kai tana dariya, na mayar aljihu. Na tuna jirginmu na New York mai lamba huɗu, inda mutum zai buɗe kaza sukutum a gefenka. A kan titi kuwa babura ne. In danja ta tsayar da su sai su taru kamar tururuwa, tana saki su kwararo gaba ɗaya, amma ba mai zagin wani.

Abinci bai ba ni wahala ba. Mun sami shagon Musulmi mai taliya da romon naman sa, kwano ɗaya wajen dala shida, kuma ya ƙosar. Akwai wata soyayyiyar awara da suke ji da ita, warinta ya fi na daddawa nesa ba kusa ba. Na ci yanka ɗaya don kada a ce ɗan ƙasar daddawa ya gudu. Da la'asar sakaliya na ji mota tana kiɗa a layin masaukinmu, na leƙa ina cewa mai askirim ne. Ashe motar shara ce. Mutane suka fito da ledojinsu suna gaisawa, kowa ya jefa tasa.

Mun tarar ana yaƙin neman zaɓe. Da safe za ka ga ɗan takara a mahaɗar titi, lambarsa a ƙirji, yana ta rusuna wa masu babura. Direban tasin da ya kai mu gidan kallo yana jin Turanci kaɗan, kuma duk a kan shugabanninsu ya ƙarar da shi. Gilashi a sauke, ɗan sanda a gefe, yana ta sababi. Ni ne na riƙa waige-waige. Na ce wa 'yata ta roƙe shi ya rage murya. Da ya gane sai ya fashe da dariya, ya ce ai ɗan sandan ya fi shi jin haushinsu.

Ranar Asabar da azahar aka haska fim ɗin, a wani tsohon sito da aka mayar gidan kallo. Mutane sun kai ɗari. Na ga fuskata ta cika bango, na ji muryata tana Hausa, rubutunsu yana gudu a ƙasa. Da aka zo kan maganar yayana sai ɗakin ya yi tsit. Fim ya ƙare, ba wanda ya motsa har sunaye suka gama wucewa. Ana kunna fitila na ga kowa ya ciro 'yar takarda yana rubutu, ga mutum biyu masu riga iri ɗaya sun tsaya a ƙofa da akwati. A inda na taso, in ka yi magana aka fara rubutu, ka san sauran.

Na kama hannun 'yata na ce, "Rahoton wa suke rubutawa?"

Ta ce, "Baba, ƙuri'a ce fa. Maki suke ba fim ɗin, daga ɗaya zuwa biyar."

"Su kuma na ƙofa?"

"'Yan makaranta ne masu karɓar takardun, Baba. Ka saki hannuna, za ka karya ni."

Aka kira mu gaba. Ina Hausa, 'yata tana mayarwa Turanci, wata budurwa mai fassara tana mayarwa yarensu. Kowace magana sai ta sauya jirgi sau biyu kafin ta isa. Sun yi tambayoyi a kan ajinmu da malamarmu, ba wanda ya tuhume ni.

Ana watsewa wani tsoho ya tare ni, ya haura tamanin, da sanda. Ya miƙo mini takarda cike da rubutunsu, da biro, yana nuna inda zan sa hannu. Na mayar da hannuwana baya. Na ce wa mai fassara ta ba shi haƙuri, na yi alkawari ba zan ƙara sa hannu a abin da ban karanta ba. Ta faɗa masa. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce ta karanta mini duka. Ta bi layi-layi, mutane suna jira a bayanmu. Takardar shirin bikin ce, da bayanin fim ɗinmu. So yake ya ajiye sa hannuna don tunawa.

Sannan ya faɗi nasa. Ya ce wannan surutun da nake ji a titi ba da shi suka taso ba. Yana saurayi an ɗaure shi saboda littattafan da suke karantawa a ɓoye, kuma abokinsa ne ya sa hannu a kansa. Ya ce ya daɗe da yafe masa, amma abokin ya yi ta guje masa har ya mutu. "Shekara arba'in ina jira ya zo mu sha shayi," in ji shi. Ya tambaya ko yayana yana raye. Na ce yana nan. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "To me kake yi a nan?"

Na rubuta masa sunana cikakke, harafi bayan harafi. Ya yi ta jira bai gaggauta ni ba.

A jirgin dawowa na rubuta wa yayana wasiƙa, shafi ɗaya, ta ci mini awa huɗu. Ban bar 'yata ta gyara ko ɗigo ba. Muna sauka na ɗauki hoton wasiƙar na tura masa. Kwana biyu shiru. Ranar Juma'a ina jera huluna a tebur saƙon muryarsa ya shigo. Ya ce, "Kai ƙaramin banza, tun a ranar na sani. Sun nuna mini takardar. Yatsanka ya goge a karkace, na san kuka kake yi. Shekara talatin da wani abu kana aiko mini da shadda kana ɓoye fuska, ni ba shadda nake so ba." Ya ja hanci, sannan ya ce, "Amma wannan rubutu naka, a ce wa malamar ta ƙara ƙoƙari."

Na zauna a kan kwalin safa na saurara sau uku. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Alhaji, me ka kawo mana daga Taiwan?" Na ba shi kek ɗin abarba da na sayo masa.

Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Na ga ƙasar da mutane suka taɓa yin shiru don tsoro, yau suna faɗin ransu gilashi a sauke. Ni kuma na zagaya rabin duniya kafin in iya faɗa wa ɗan uwana magana ɗaya. Ranar Litinin na koma aji, na zauna a kujerar gaba, na isar wa malama da saƙon yayana.