Hantar Kawu Labbo

Ku da kuka san Kawu Labbo, mahaucin bakin tashar Kaura, kun san bai iya zama ba. A tsaye yake cin tuwo, a tafe yake gaisawa. In ka yi masa tayin kujera sai ya dube ka kamar ka zage shi. Ranar kasuwar Shinkafi kuwa, kafin direba ya gama lodi ya sauko sau uku.

Abu ɗaya ke tsayar da shi, hanta. Ya ɗaga ta, ya juya, ya latsa da babban yatsa. In ya ji ƙullutu sai rami, kome girman san da aka yanka. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a masu duba nama suka zo yi masa nasiha. Ya ce, "Tun muna jahar Sakkwato nike zubda maras kyau. Ku matsa, kun tare man iska."

Sai ga tasa hantar ta kumbura. Likita ya ce ƙari ne, sai an ɗauki hoton siti-sikan a ga ko zai ciru da tiyata. Ni, ɗan ƙanwarsa, na kai shi babban asibiti a birni. A hanya yana ta faɗa da direba wai ba ya gudu.

Aka kwantar da shi a bakin injin, aka ce kada ya motsa, ya riƙe numfashi. Kawu fa! Sau biyu hoton na lalacewa. Da farko ya ɗago kai neman mai magana, na biyu ya sosa ƙafa. Ma'aikacin ya ce in ya ƙara, sai wani watan. Na roƙi Kawu har da hawaye, a banza. Sai da na ce injin yanka-yanka yake nuna hanta, kuma ba wuƙa.

"Ashe? Bari in ga aikin nasu."

Ya kwanta kamar gungume.

Da likita ya manna hoton a jikin fitila sai ya fara kewaye-kewaye. Kawu ya matso, ya sa aka nuna masa hantar, ya bi yankan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsan nan. Ya taɓa tabo nan, da nan, da can.

"Likita, daina wahala. Da guda na, a yanke a yas. Wagga ko ni anka kawo ma, rami za ta."

Likita bai musa ba. Ni ne na zauna a ƙasa. Kawu na tsaye a kaina, wai in tashi kada mota ta cika.

Bai kai girbi ba. Har yau in na wuce teburinsa sai zuciyata ta karye.

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya yalwata masa kabarinsa. Kwanciyar nan da bai taɓa so ba, Allah Ya sa ta zame masa hutu.