Hasumiya Mai Ƙafafun Ƙarfe

Ko zan manta da komai na zamana a Ingila, ban da yinin da teku ya ritsa da mu a kan hasumiya.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Kamfanin da nake wa aikin injiniya a Manchester ya rage ma'aikata, har da ni. Ina zaman kashe wando sai wani abokina ɗan Jos, mazaunin Handsworth, ya samo mana aikin duba wata tsohuwar hasumiyar fitila, irin mai nuna wa jiragen ruwa hanya.

Ba irin ta dutse ba ce mai faɗin gindi. Wurin yashi ne zalla, dutse nutsewa zai yi, shi ya sa aka murɗa ƙafafun ƙarfe can cikin ƙasa, aka ɗora ɗaki a sama don ruwa ya riƙa wucewa ta tsakani. An daɗe ba a gyara ta ba, wai babu kuɗi.

Da ƙafa muka isa, teku ya janye can nesa. An gargaɗe mu kan lokacin dawowarsa, amma Bakano da ɗan Jos, me muka sani? Mun ɗauka kamar rafin damina ne, za ka hango shi tafe. Ina ƙwanƙwasa wata ƙafa, tsatsa na zubowa kamar garin tuwo, sai abokina ya riƙe mini hannu.

"Mutumina, juya ka gani. Tide ɗin ya dawo, ruwan teku ya shigo ta bayanmu!"

Hanyar da muka biyo ta zama ruwa. Muka haye tsani da gudu. Ya kira masu ceto, suka ce mu zauna a sama, suna tafe.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Da ban san komai ba da sauƙi, amma ni na duba ƙafar nan da hannuna. Kowace igiyar ruwa ta buga, sai ɗakin ya girgiza, ƙarfen ya yi ƙara. Ina salati, shi yana kiran Yesu.

"Za ta riƙe mu?" ya tambaye ni.

"In Allah ya yarda," na ce, hankalina yana kan 'ya'yana.

Ta riƙe mu har kwale-kwalen masu ceto ya iso. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini a bar gyara sai an samu kuɗi, ba na sa hannu. Na san yadda ake ji idan ranka yana tsaye a kan abin da aka ce ya jira baɗi.