Karan Da Aka Auna Yaya Ajuji

Ranar wata Alhamis ce da la'asar, a shekarar da aka ɗauke mana fam da sule aka kawo sidi, sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa, ina zaune a tsakar gidanmu a unguwar Tishigu a Tamale ina ɓare gyaɗa, sai na ji ganga tana tahowa. Ba ta biki ba ce, ba ta suna ba, don da mun sani. A unguwarmu ko kaza aka yanka sai maƙwabta sun ji labari. Na ture faranti na ruga zaure. Samari ne cike da lungu, 'yan kwaleji da fararen riguna, da 'yan dako, da makaɗan Dagomba biyu da suka tsinta a hanya, a gabansu kuma Isifu mai gyaran keke, hannunsa duk baƙin mai, yana ihu kamar wanda ya ci gado. A tsakiyarsu ga yayana Ajuji, kansa ya ɗara na kowa, yana murmushin wanda bai san inda zai sa idonsa ba. Kwalejin horon malamai ta bayan gari ce ta ɗauke shi, kuma duk garin ya san ba don karatu ba ne, don ya buga musu ƙwallon kwando ne.

A ƙofar gidanmu gardama ta kaure. Wani ya ce Yaya ya fi ƙofar masallaci tsawo, wani ya ce ƙarya ne. Sai Isifu ya zare karan dawa mafi tsawo daga dangarmu, ya miƙa hannu, bai kai kan Yaya ba, don shi gajere ne kamar turmi. Ya ce, "Dogo, kwanta mu gani!" Yaya ya kwanta a kan dakali yana dariya, ya miƙe sambal, hannuwansa a gefe. Suka shimfiɗa karan a jikinsa daga kai har dunduniya, Isifu ya sa wuƙa ya datse daidai tafin ƙafa. Ana cikin haka Mma ta fito da muciya a hannu, don tuwo take tuƙawa. Ta ga ɗanta a miƙe, maza sun kewaye shi, ga kara a gefensa. Muciyar ta faɗi. Ni ban taɓa jin murya irin wadda ta fita daga bakinta ba, ko kafin ranar, ko bayanta. Amma gangar ta danne ta, suka ɗaga karan sama suka yi gaba da shi suna rawa.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ta gani ba, to bari in faɗa musu. A wurinmu tela ne kaɗai ke auna mai rai, shi ma da zare, kuma a tsaye. Kara na mamaci ne. In mutum ya cika, da kara ake gwada tsawonsa, a ba wani yaro ya ruga maƙabarta ya kai wa masu haƙa. Kuma Mma ta riga ta ga an fita da kara daga gidan nan sau uku, gajeru-gajeru, na 'ya'yanta maza. Shi ya sa da ta haifi na huɗu aka ajiye shi a kan juji aka sake ɗauko shi, aka kira shi Ajuji, don mutuwa ta ɗauka shara ce ta wuce. Duk ƙuruciyarsa ɓoyonsa take yi. Ba ta ɗinka masa riga mai kyau ko da Salla, in wata ta ce kai, yaron nan ya girma, sai ta tsuke baki ta ce, "Wannan? Tsawon banza, kamar gora." Da dare ya yi kuwa ita ke zuba masa naman miya a ƙarƙashin tuwo. Abin da ta shekara goma sha wani abu tana rufewa, shi aka ɗauka a yini ɗaya aka zagaya Tamale da shi.

Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, daɗi nake ji. Yaya nawa ne. Tamale garin ƙishirwa ne tun can. Da rani mukan tafi dam ɗibar ruwa tun rana ba ta fito ba, in wuyana ya gaji shi ke sauke min garwa ya haɗa da tasa. Lokacin kaɗanya, mata na sunkuye suna tsinta a ciyawa suna tsoron maciji, shi miƙa hannu kawai yake ya girgiza reshe. A gonar Baba ta hanyar Kumbungu yakan ɗora ni a wuya in kori tsuntsaye, in hango har bukkokin ƙauye. In muna ampe, wasanmu na tsalle da tafi, da 'yan mata a lungu wata ta cuce ni, ba na kuka, sai in ce bari Yaya ya zo. Bai taɓa dukan kowa ba, inuwarsa ma ta isa. Ya gama midil sukul bai ci jarrabawa ba, ya koma noma da dakon doya, a nan wani masta na kwalejin ya gan shi yana jefa buhu cikin lori ba tare da ya ɗaga dunduniya ba. Ita kwalejin kowace shekara wata makaranta daga kudu takan zo ta lallasa ta a gaban mutanen gari, su koma suna cewa 'yan arewa ba su iya komai ba sai kiwon shanu. Wannan magana ta daɗe tana ci wa samarinmu rai, har waɗanda ba su taɓa taka aji ba.

Mma ta roƙi Baba ya je ya karɓo karan. Baba ya ce canfi ne, rai a hannun Allah yake, ga shi za a ba yaro karatu kyauta ya zama ticha. Ta je wurin liman, shi ma haka ya ce mata, ya ƙara da nasiha. Ta yafa mayafi ta tafi da kanta rumfar Isifu, ni ina biye, ta durƙusa wa yaron da ta girmi uwarsa ta ce ya karya shi. Isifu ya ce, "Haba Mma, tutarmu ce fa! Kin haifa mana rimi, ki bari mu sha inuwa." Lokacin har sun shafa wa karan fenti ja da fari, sun ɗaura masa tsumma a ka.

Ni ban zauna a benci ba, allo na riƙe, amma filin kwalejin nan na san shi kamar tafin hannuna, don a nan nake tallan gyaɗa da lemo. Fili ne na siminti mai kaushi, da sanduna biyu, kowanne da zoben ƙarfe da raga mai huda. Da na ba Mma labari ta ce, "Kwandon da ba shi da gindi, me za a tara a ciki?" Amma da kun ga Yaya a filin nan! Sauran sai sun yi tsalle, shi ajiye ƙwallon yake kamar mai ajiye ƙwarya a kan maratayi. Duk sanda ya zuba, Isifu ya ɗaga karan, fili ya ɗauka: "Rimin Tishigu! Rimin Tishigu!" Masu waƙar simpa suka sa shi a waƙa. Mahauta na ba shi tsire kyauta, 'yan mata daga unguwannin Sabonjida da Zogbeli na zuwa sayen gyaɗata don su tambaye ni shi. A cikin duk masu yabon nan ban ji wanda ya ce tubarkalla ba.

Ana saura kwanaki 'yan kudu su zo, ya faɗi a wurin gwaji, gwiwarsa ta kumbura kamar gwanda. Aka kawo shi gida a keke. Baba ya kira maɗori, wani tsohon Badagombe, ya zo da ganye da man kaɗe, ya sa aka kamo kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta ya ɗaure Yaya, ya ce ranar da kazar ta taka, ranar zai taka, kada ya riga ta. Ni aka ba kiwon kazar. Na sa ta a akurki kusa da murhu, ina ba ta tsaki da gara, ina duba ƙafarta safe da yamma kamar ita ce yayan nawa.

Ranar wasan ta zo, kazar ba ta taka ba. Da hantsi ganga ta iso ƙofar gida, jama'ar ta fi ta farko yawa. Baba yana gona. Mma ta tsaya a bakin zaure ta buɗe hannuwa ta riƙe bango biyu, mace ƙarama, ko kafaɗar Isifu ba ta kai ba. Ta ce, "Ba shi da lafiya. Ku ji tsoron Allah." Suka ce ai tsayuwa kawai zai yi, 'yan kudu su gan shi gabansu ya faɗi. Da ta ƙi matsawa sai waƙar ta juya. Wani daga baya ya ce, "Rimi ya koma zanen uwarsa!" Wani ya ce a kawo masa nono. Aka yi dariya, makaɗa suka sa maganar a ganga. Ina ɗaki tare da Yaya, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya kwance ɗaurin da hannunsa, ya sa farar rigarsa, ya fito yana dafa bango. Bai ture Mma ba, Allah ya sani. Sunkuyawa ya yi ya wuce ta ƙarƙashin hannunta.

Sun ci 'yan kudu ranar, wannan ba zan ɓoye ba. Garin ya yi kamar zai tsage. Amma kusa da ƙarshe Yaya ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafar, ni da ke bakin fili na ji ƙarar, kamar an karya busasshen itace. Suka ɗauke shi a kafaɗa suna rawa, suna zaton kukan murna yake. Kazar ta warke ta ci gaba da tonon ta a tsakar gida. Ƙafar Yaya ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasawa ba. Makon farko ana zuwa dubiya har tabarma ba ta isa, na biyu mutum ɗaya-ɗaya, daga nan sai ƙudaje. Kafin shekara ta zagayo kwaleji ta ce karatunsa bai kai ba, ya zo ya ɗauki akwatinsa. Noma ma ya gagare shi, don mai yin kunyar doya sai da gwiwa.

Da sabuwar doya ta sake fitowa, ina filin da farantina, sai ga ganga. Kwaleji ta samo sabon yaro daga wajen Bawku. Ihu iri ɗaya, rawa iri ɗaya, Isifu a gaba. Ya hau kan benci ya jingina karan Yaya a bayan yaron, yaron ya ɗara shi da kamar tafin hannu. Fili ya rikice. Isifu ya sa karan a gwiwa ya ɓalla shi biyu ya watsar, aka tattake. Ni da wautar ƙuruciya na kwasa da gudu har gida, tun daga zaure nake kira, "Mma, Mma, an karya karan!" Na ɗauka albishir na kawo. Ta ɗago daga wankin da take, ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin Yaya, ta ce a hankali, "Rufe bakinki." Amma ya riga ya ji.

Bayan girbi ya hau lorin doya ya yi kudu, ya ce zai nemi aikin gadi, inda ba wanda ya taɓa yi masa waƙa. Mma ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da yaji, ba ta yi kuka a gabansa ba. Saƙonsa yana zuwa ta bakin direbobi har shekarar da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Mu a nan aka haifi ubanmu, kakanmu ne ya zo da fataken goro, amma a kudu wa zai tsaya ya tambayi Bahaushe gurgu inda aka binne cibiyarsa? Wani direba ya ce ya hango shi a bayan lori an nufi iyaka da su, kansa ya fi na kowa, ƙafa ɗaya a miƙe a kan kayan mutane. Daga nan ba mu ƙara jin ko yana raye ba. Mma ta rayu har ta ga jikokina, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda an yi masa sadakar mamaci ba.

Yanzu dam ɗin da muke ɗibar ruwa gidaje sun kewaye shi, babura sun kori kekuna, 'yan mata ba su san ampe sosai ba. Kwanan baya jikokina maza suka cika min tsakar gida da ihu, kowa da waya a hannu, har na fito ba ɗankwali na ɗauka gobara ce. Wai wata kwaleji a Amurka da suke goyon baya ta samu sabon ɗan wasan ƙwallon kwando, ɗan Afirka, wai bana kofi nasu ne. Sun san abin da yake ci, sun san irin takalminsa, sun san wanda zai kora daga fili. Suka kawo min hoton har hanci. Yaro ne ƙarami, ko gemu bai fara ba, an sa masa hula, mutane sun kewaye shi suna tafi. Na ce, "Uwarsa fa, tana ina?" Suka dubi juna, babban ya ce, "Kaka ke ma dai, wa ya damu da wannan?" Na mayar musu da wayarsu, na koma ɗaki na yi wa matar addu'a, ko da ban san sunanta ba. Masu tafi gida suke komawa, ita ce za ta zauna jira.